Mai Yi wa Kwamfuta Fifita

Ina jiran takardar kama aiki a ofishin wata sakandare a Haɗeja. Wani malami siriri, da alli a hannun rigarsa, ya buɗe cikin kwamfuta ɗaya tilo ta makarantar. Da matsefata yake matsar da wani ɗan baƙin maɓalli. Ina jin a mujalla ya karanto, bai taɓa gwadawa ba.

"Malam Filibus, lafiya?" in ji magatakarda.

"Gudu zan ƙara wa ƙwaƙwalwarta. Amma in ta yi zafi, sai ƙonewa."

"A bazarar nan? Jarrabawar gobe na ciki, ba mu buga ba!"

Ya kunna ta, ya durƙusa yana mata fifita da rajistar aji, yana shinshinawa. Ni ma na fara shinshinawa.