Shekarar da Na Juye Tukunyar Iri

Masu hasashen yanayi sun ci mini irin gero, kuma har yau ban huce ba. Na san za a ce ruwa na Allah ne. Ni ma na sani, tun kafin a haifi masu na'urar nake ɗaga kai ina duban gabas. Abin da ya ƙona mini rai shi ne mutum ya zauna ƙarƙashin fanka, bai taɓa riƙe sungumi ba, ya rubuto mini cewa damina ta zauna. Amma in za a bi gaskiya har gidanta, da hannuna na juye tukunyar.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dutse da Kiyawa. Ƙasarmu rairayi ce, ruwan da ya sauka yau, jibi ka neme shi ka rasa. Mai gidana ya rasu ya bar mini gona ɗaya da yara huɗu. Irin da nake shukawa kuwa na gidan ubana ne, wani gero gajere mai saurin nuna, wanda na zo da shi a ƙulle cikin kayan aurena. Kowace kaka sai in zaɓi zangarniyar da ta fi cika, in sussuke ta daban, in cuɗa da toka, in zuba a tukunya in yaɓe bakin da laka. Dokar gidanmu guda ce: ranar shuka a raba iri kashi uku, biyu su tafi gona, ɗaya ya koma tukunya. Iri ba ya fita gida gaba ɗaya. Wadda ke riƙe da wannan doka a lokacin ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifina, tsohuwa mai 'yar gayauna a bayan gidanta, mai baki kamar reza.

Na haura arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Shekara uku ina zama a kan benci ina jan layi kamar 'yar yaye, har ido ya buɗe. Daga nan na zama mai karanta wa matan unguwa katin asibiti da takardar makarantar yara. Da malamin gona ya zo taron ƙungiyarmu ta mata ya ce za a riƙa turo saƙon yanayi ta waya, lambata aka fara rubutawa. A wannan lokacin duk abin da ke rubuce gani nake ba ya ƙarya. Wahalar da na sha kafin in iya karanta shi ta yi yawa, ban yarda a ce na sha ta a kan ƙarya ba.

A shekarar da nake magana, ƙanin mai gidana ya tafi Kano neman aiki, ya ba ni aron gonarsa. Gona biyu ke nan a hannuna, karo na farko a rayuwata, zuciyata har ta fara gina rumbu na biyu. Ruwan farko ya sauka wata Laraba bayan la'asar. Washegari saƙo ya shigo: damina ta sauka a yankinku, za a samu ruwa a kai a kai, manoma su yi shuka. A bakin famfo na karanta shi da ƙarfi, sau biyu, don kowa ta ji.

Gwaggo tana wajen da ɗan bokitinta. Ta ce ita ta riga ta tona bayan gida, danshin bai wuce yatsu ba, kuma shamuwa guda biyu kacal ta gani a kan kuka.

Na ce, "Gwaggo, shamuwa ba ta da tauraron ɗan'adam."

Mata suka kwashe da dariya. Ta ɗauki bokitinta, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ita ma wayar taki ba ta da gona."

Na koma gida na fasa bakin tukunya. Na auna, na ga kashi biyu ba za su ishi gona biyu ba. Na tsaya da ƙwarya a hannu, na sake buɗe saƙon na karanta, sannan na kife tukunyar har na bubbuga gindinta. Ni da babbar 'yata muka yi kwana biyu, ina sara tana jefawa tana takewa.

Kwana huɗu gero ya huda ƙasa, layi-layi, kore shar. Na zagaya gonakin nan har sau uku a yini ɗaya. Daga nan sama ta kulle.

Ba wai hadari ba ya haɗuwa ba ne, da ma hakan da sauƙi. Kullum bayan azahar sai gabas ta yi baƙi ta wajen Kiyawa, iska ta taso ta kwashe shanya, ta kayar da zana, mu ruga mu jera robobi ƙarƙashin indararo. Sai hadarin ya raba ta gefenmu ya wuce. Da yamma 'yan acaɓa su dawo daga Dutse riguna a jiƙe, suna ba da labarin ruwa a kan duwatsu. Mu kuwa mu kwashe robobinmu da ƙura a ciki. Waya kuma ba ta fasa ba: ana sa ran ruwa gobe. Goben ta zo, ana sa ran ruwa jibi.

Na kasa zama wuri ɗaya. In ɗora tukunya in fita ƙofar gida in dubi gabas, in dawo in tarar wuta ta mutu. In ɗauki waya in ajiye, in sake ɗauka ko wani saƙon ya shigo. Sau biyu na ƙona tuwo. Maza suka fita roƙon ruwa, muka yi sadakar gumba, shiru. A gona ganyen ya fara naɗewa kamar tsinke, iska tana turo rairayi mai zafi tana binne shi. Ranar kwana na goma sha biyar na durƙusa na ja guda ɗaya, ya biyo hannuna ba gardama.

Sauran matan ba su yi asara irin tawa ba. Sun saurari karatuna, amma a gidajensu an bar kashi ɗaya a tukunya kamar kullum. Ni da na iya karatu, ni kaɗai na juye. A bakin famfo sai wata ta ce, "Malama, yau me waya ta ce, mu kwashe shanya ko mu bari?" In ce ta tambayi mijinta, tunda shi ma bai taɓa faɗa mata abu ya tabbata ba. A yi dariya, in ɗauki ruwana in tafi ina tafasa.

Na hau acaɓa na je na sami malamin gona. Yaro ne mai ladabi, ya ba ni kujera, ya kira ni Baba. Ya ce hasashen na yanki ne gaba ɗaya, kuma ai an yi ruwa a yankin, mu ne dai bai faɗo a kanmu ba. Na tambaye shi ko a yanki nake noma ko a gona. Ya yi murmushi ya ce akwai ingantaccen iri da za a kawo. Na ce na gode. Bai gane ba, kuma ban tsaya fahimtar da shi ba. Gero ana samu a kasuwar Shuwarin ko yau. Geron gidan ubana ne ya ƙare a hannuna, kuma kunya ta hana ni taka ƙofar Gwaggo.

A kwana na goma sha tara wani saƙon ya shigo da hantsi: fari zai ci gaba har kwana goma, kada manoma su yi shuka. Bayan azahar ɗin ranar ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Ko roba ban fitar ba, ai an ce babu. Na tsaya a bakin ɗaki da waya a hannu ina kallon tsakar gida tana cika, ban san dariya zan yi ko zagi ba.

Gab da magariba sai ga Gwaggo tana dogara sanda cikin caɓi, da ƙullin tsumma a kanta. Ba ta zauna ba. Ta sauke shi a gabana, na kwance, gero ne da tokarsa, bai fi kwano ɗaya ba. Kashinta ne na tukunya.

Ta ce, "Daga wannan babu wani, ko a wurina. Yau me ta ce, mai bakin?"

Na ce, "Ta ce kada a shuka."

"To ke me kika ce?"

Ba ta jira amsata ba, ta juya ta tafi.

Ban ci tuwon kirki ba ranar. In wannan karon wayar ce ta yi gaskiya, na shuka, irin ƙarshe ya ƙone. In na jira kwana goman kuma ruwa ya ci gaba, na bar danshi ya wuce ni a banza, damina ta yi nisa. Wanda ya yi maka ƙarya sau goma ma yakan faɗi gaskiya ranar da ka daina saurarensa, abin da ya hana ni sukuni ke nan. Na kwance ƙullin na ɗaure ya fi sau biyar.

Da na idar da sallar asuba na bar wayar a kan tabarma na tafi gonar mai gidana. Na durƙusa a tsakiya na tura hannu cikin ƙasa. Sanyi ya wuce yatsu, ya wuce tafi, ya haura wuyan hannu. Na matsa can gefen tudu na sake tonawa, haka. Na dawo gida na shimfiɗa faifai na raba geron Gwaggo uku. Kashi ɗaya na mayar tukunya, na kwaɓa laka na yaɓe bakin. Gonar aro na bar ta sai na samo na kasuwa. Na tashi 'yata, na miƙa mata ƙwarya, na saɓa sungumi muka fita.