Ranar da Aka Huda Maƙogwaron Inna

Ina cikin aji mijina ya kira ni, wai cikin Inna mahaifiyata ya murɗe, ya ɗauko ta a keke daga Tumfure zuwa asibiti. Kafin in isa har an duba ta, an ce hanji ne ya sarƙe, kuma ba zai jira gobe ba.

Inna ba ta jin Hausa sosai, shi ya yi mata tafinta. Da ma'aikaciyar jinya ta ce ta wage baki, sai ta ɗan buɗe kaɗan ta sunkuyar da kai. Mijina ya yi murmushi ya ce kunya ce, ina Bafulatana za ta hangame baki a gaban suruki? Ita ma ma'aikaciyar Bafulatana ce, ta ce ai haka ne, aka wuce wurin.

Wace kunya? Tun ina 'yar yarinya saniya ta harbe ta a muƙamuƙi, ƙashin ya ɗinke a karkace. Fura da kunu ne abincinta, tuwo sai ta dama shi da miya. Shi kuwa bawan Allah bai taɓa ganin tana cin abinci ba, balle ya sani. Har yau in na tuna murmushin nan raina ɓaci yake yi.

Sai a kan gadon tiyata abin ya fito. Likitan da ke sa mutane barci ya leƙo ya ce a kira 'yarta. Aka ba ni hula da riga kore. Ya yi mini bayani a tsaye: in ya sa ta barci numfashinta zai tsaya, dole sai an zura mata bututu a maƙoshi, ga baki ko yatsa biyu ba ya ɗauka. Na'urar leƙawa ta hanci kuma babu ita a nan. Don haka zai bi daga ƙasa zuwa sama. Zai huda maƙogwaro da allura, ya tura siririyar waya sama har ta fito ta hanci, bututun ya biyo ta ya sauka. Duk wannan idonta biyu.

"Gaya mata kada ta motsa kai," in ji shi. "In ta fizge, jini zai bi hanyar iska."

Na gaya mata da Fillanci. Ta dube ni, ta kama wuyan hannuna.

Aka ɗaga haɓarta, wuya ya miƙe. Wallahi ban so ganin wuyan uwata a haka ba. Likitan ya kashe wurin da magani, ya lalubi wani ɗan rami da yatsa, ya soka. Ta yi tari, injin da ke gefe ya sauya kuka. Wayar ta tafi, shiru, ba ta fito ba. Ya janye kaɗan, ya sake turawa. Can sai ga bakin wayar a hanci, da ɗan jini.

Bututun ya bi ta, ya tokare. Ya murza shi a hankali. Leɓen Inna ya fara dushewa, ni kuwa sai "munyal, Inna, munyal", wato haƙuri, nake ta maimaitawa.

"Ya shiga," in ji likitan. Jakar iskar da ke haɗe da bututun ta kumbura ta lotse, aka tura maganin barci, aka ce in fita.

Sai da mutum biyu suka ɓamɓare yatsunta daga hannuna. A baranda na ga jini na bin tafina, farcenta ya nutse a naman. Kanta kuwa ko sau ɗaya bai motsa ba.