Ranar da Na Ƙi Rage wa Tsofaffi Shekaru

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da Inna Tasalla ta shimfiɗa tabarmarta a ƙofar likitar Magariya ba, wato asibitin garin. Shekara biyu ke nan bayan babban fari, ina ƙaramar ma'aikaciya a ɗakin haihuwa. Shugabanmu shi ne majo, wato babban ma'aikacin jinya mai riƙe da likitar, shi kuma yana karɓar umarni daga babban likita na Damagaram.

Takarda ta zo cewa a zaɓo mata goma daga ƙauyuka a koya musu aikin ungozoma na mako biyu: wanke hannu, yanke cibiya da sabuwar reza, da gane haihuwar da ta fi ƙarfin gida. A ƙarshe a ba kowace akwatin kayan aiki. Amma an gindaya sharaɗi, kada a ɗauki wadda ta wuce talatin da biyar. Masu tsari sun yi hasashen cewa nan da shekara ashirin kowane ƙauye zai buƙaci ungozoma, don haka suna son waɗanda za su daɗe. Ni aka aika zaɓen.

A amalanke na isa wani ƙauye na ƙasar Yekuwa. Mai gari ya tara mata, na karanta musu sharaɗin, suka turo wata mai suna Hadiza. Da aka watse ta ja ni gefe.

"Madam, ki rufa mini asiri. Haihuwata biyu kacal. Wace mace za ta durƙusa a gabana? Ko an ba ni akwatin, Inna Tasalla za su kira."

Na je na gaida Inna Tasalla. Ta haura sittin, kuma shi kansa mai garin a hannunta ya faɗo. Na ce mata takarda ta hana. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ta tambaye ni ranar da za a fara. Abin da na tarar a sauran ƙauyuka ke nan.

Ranar farawa, yara matan da na rubuta huɗu kawai suka zo. Inna Tasalla kuwa ta iso a ƙasa, da wasu tsofaffi biyar daga wajen Yekuwa da Sassumbrum waɗanda ta aika wa saƙo. Majo ya fito ya ce su koma gida.

"Ɗan nan," in ji ta, "bara jarirai uku suka sandare a hannuna kafin suna. An ce ku kun san dalili. In kun gaya mini, sai in tafi."

Majo mutumin kirki ne, amma yana tsoron na sama. Ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya ce, "Shigar da su. A takarda ki sa wa kowace talatin da biyar. Ba mai takardar haihuwa a cikinsu, wa zai gane?"

Na ce, "Majo, ka yi haƙuri, ba zan rage musu ko shekara ɗaya ba. In muka ɓoye, can Damagaram za su ce tsarinsu ya yi kyau, baɗi su sake aiko mana da shi."

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani. Ni zan sa hannu."

Na zauna da su ɗaya bayan ɗaya, muka ƙiyasta shekarun kowace da yunwar da ta tuna da girman 'ya'yanta, na rubuta yadda ya fito.

A mako na biyu babban likita ya zo da takardar da na rubuta shekarunsu a hannunsa. Ya tarar Inna Tasalla tana nuna wa Hadiza yadda ake taɓa ciki a gane kwanciyar ɗa. Bai zauna ba ya ce mini, "Wa ya ba ki izini? Waɗannan shekara nawa ta rage musu? Akwatin gwamnati ba kyautar sallama ba ce."

Na ce, "Dokta, shekara ashirin ɗin da kuke hange, daga bana za ta fara. Matan da za su haihu bana tsofaffin nan za su kira, da akwati ko babu. Kuma yaran nan ba mai yarda da su sai an ga sun bi bayan tsohuwa."

Inna Tasalla ta nemi a fassara mata abin da ya faɗa da Faransanci, na fassara. Ta dube shi ta ce, "Gaya masa ranar tafiyata ba a buronsa take ba."

Bai yi dariya ba. Ya ba ni takardar neman bayani, wadda ake ba ma'aikacin da ya saɓa umarni ya amsa a rubuce. Na amsa a shafi uku, ban ba da haƙuri ba. Bayan wata biyu aka mayar da ni Dungas, inda ba mai son zuwa a lokacin. Amma akwatunan an riga an raba, kuma ba wanda ya iya zuwa ƙauye ya ƙwace daga hannun tsohuwa.

Ba zan ce duka ya tafi daidai ba. Ɗaya daga cikinsu ta rasu tun kafin shekara, wata ta koma wa tsohuwar askarta sai da aka yi ta fama da ita. Inna Tasalla kuwa ta yi aiki har idonta ya daina gani, Hadiza na riƙe mata akwati. Ranar da ta miƙa mata shi a gaban matan gari, ba wadda ta yi gardama.

Ku da kuke fara aikin nan, za a yi ta aiko muku da tsari daga sama, wani mai kyau ne. Amma in aka ce ku auna mutum da shekarun da suka rage masa, ku fara tambayar wa jama'a ke kira in abu ya taso. Kuma abin da kuka gani, ku rubuta shi yadda yake, ko da zai kai ku Dungas.