Baƙin Abu a Cikin Biskit

Na zauna in rubuta wa hedimasta takardar ban haƙuri, sai Kaka ta faɗo mini a rai.

A gidanmu na Unguwar Bolewa, in an sauke tuwon dare Kaka ba ta bari a kashe murhu. Mukan kewaye ta, ta miƙe ƙafa tana tura kara cikin wuta. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. "Ga shi nan, ga shi nanku," za ta ce. Mu kwashe da dariya: "Kaka, ga ta nan ake cewa!" Ta harare mu. "Tatsuniya naku ne ko nawa?"

Wata rana Baba, wanda ke awon gyaɗa a kantin Turawa, ya kawo gwangwanin biskit. Har yau ina jin ɗanɗanonsa. Gefensa ƙaras-ƙaras, tsakiyarsa da danƙo, ga ɓarzajjen hatsi yana maƙalewa a haƙori, ga ƙamshin kirfa da man shanu. Can sai harshe ya ci karo da wani baƙin abu mai laushi, zaƙi da ɗan tsami.

Kaka ta gutsura, ta tauna a hankali. "Dusa ne aka sa wa sukari." Ta raba sauran biyu, ta kai kusa da wuta. "Wannan baƙi-baƙin kuma kashin ɓera ne."

"Inna, zabibi ne. Inabi ne busasshe," in ji Baba.

"Kai ka shanya shi?"

Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ba mu labarin walimar Giwa. Wai Giwa ta dafa dambu ta gayyaci namun daji. Saboda girmanta, kowa ya runtse ido yana kai loma, don duba abincin babba rashin kunya ne. Bushiya kaɗai ta buɗe lomarta, ta ga baƙaƙen abubuwa suna tafiya. Cinnaku ne. Ta ce, "Ranki ya daɗe, yajin naki yana da ƙafa." Aka kore ta da ihu, ta koma gida da yunwa, harshenta lafiya. Jaki kuwa ya fi kowa ci, har da santi. "Tun ranar," in ji Kaka, "bakinsa bai ƙara yin magana ba, sai kuka. Tatsuniya ya mutu, ku tashi."

Da na tafi makarantar kwana na ga zabibi cikin littafi, na yi ta ba ƙawaye labarin ƙauyancin kakata. Amma hannuna ya riga ya koya. Ban taɓa kai biskit baki ban raba shi ba.

Shekaranjiya Baturiya mai duba makarantu ta zo makarantar da nake koyarwa, da tsarabar irin wannan gwangwani don 'yan matan ajina. Aka jera su. Aka fara miƙa wa malamai. Hedimasta ya cinye nasa yana cewa, "Madalla, madalla." Na raba nawa. Zabibi ɗaya ya motsa. Ƙwari ne, sun yi gida a ciki.

Ban ankara ba sai na ce wa Baturiyar da Turanci, "Ranki ya daɗe, yaran nan ba za su ci ba." Hedimasta ya ce ƙasa-ƙasa, "Malama Hajara, kin haukace? Kyautar manya ce!" Na miƙa wa Baturiyar ɓarin a tafin hannuna. Ta duba, fuskarta ta yi ja, ta rufe gwangwanin da kanta.

Jiya hedimasta ya ce in rubuta cewa idona ne ya gaya mini ƙarya, ko kuwa a mayar da ni Nangere, inda ban san kowa ba. Ina tsoro, wallahi.

Kaka ta yi kuskure a kan zabibi, Allah ya jiƙanta. Amma 'yan matana duka sun koma gida ba wadda ta haɗiyi ƙwaro, kuma jikar mai tsince kashin ɓera ce ta tsaya musu. Na ninke farar takardar, na sa a akwati tare da zannuwana. Gobe kasuwa, akwai motar Nangere.