Atamfa a Kan Kwamin Kifi

Munzali magini bai san sunan tsohuwar ba, yau ya fara gyara mata katanga a Daura. 'Yar firit ce, hijabinta ya koɗe. Yana shirin farke buhun siminti, sai ga ta tana shimfiɗa sabuwar atamfa a kan kwamin da take kiwon kifi a bayan ɗakinta.

"Inna, ƙura za ta ɓata miki zane," in ji shi.

"Ɗan nan, zane ba ya numfashi."

Ta ɗaga gefen zanen, ta ƙwanƙwasa kwamin da ludayi. Tarwaɗa suka taso suna tsotsar yatsunta. Munzali ya ce a ransa, ko baki nawa hannun nan ya ciyar kafin gidan ya yi tsit?

Ya saɓa buhun, ya fita waje ya kwaɓa simintin a can.