Hanyar da Husna take raka uwarta aiki

Ina kwashe shanya bayan la'asar mijin ƙanwata Rabi ya kira ni daga Kano. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri." Haihuwa ce ta zo da gardama, ita da jaririn duka. Kafin magariba an kai su.

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da gwaggonmu. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kuma mutum huɗu aka cusa a baya. A Kwanar Gafan direba ya tsaya, kwandunan tumatir jere har inda ido ya ƙare. Gwaggo tana sharar hawaye tana tambayar nawa kwando. Muka sauka a Unguwa Uku, adaidaita ya kai mu Gyadi-Gyadi.

Da niyya na je. A gidanmu idan uwa ta rasu, yayarta ce take ɗaukar maraya. Rabi ta bar 'ya ɗaya, Husna, shekararta bakwai. Ba ta magana, ba ta kallon mutum a ido. Likita ya ce otizim, dangi suka ce iska. Ni ma na sha ce wa Rabi ta ajiye aikin nan ta nemi magani. Mijinta direban tirela ne, ba ya zama. Na ƙudurta bayan sadakar uku da Husna zan koma.

Gida ya cika da masu gaisuwa. An kwashe kujeru an shimfiɗa tabarmi, kowa ya shigo sai ya jawo Husna jikinsa. Ta toshe kunne tana ƙara. Da safe ta sa takalmi ta tsaya a bakin ƙofa. Gwaggo ta cire mata, ta ce ana zaman makoki ba inda za a je. Ta mayar. Aka sake cirewa. Sai ta fara buga kai da bango.

Maƙwabciyarsu, Maman Joy, 'yar Kafanchan da ta yi ritaya daga koyarwa, ita take riƙe Husna idan Rabi tana aiki. Ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, ku bar ta. Kullum sai ta raka mamanta ofis. Ke sa mayafi ki bi ta."

Na bi ta. Ita ta ja ni, ta lungun da ban sani ba. A bakin titi wani mai adaidaita yana jira, yana hango ta ya kashe waƙa. Ya ce, "Hajiya, ta hagu za ki zauna, dama wurinta ne." Duk cunkoson hanyar Tarauni bai danna hon ba. Na tambaye shi, ya ce marigayiya ce ta zaunar da shi ta yi masa bayani, ƙara tana yi wa yarinyar ciwo kamar allura.

Muka tsaya wurin mai waina. Tun kafin mu tambaya ta zuba waina a leda ɗaya, miya a wata. Ta ce, "Ba ta so su haɗu. Da ina cewa sangarta ce, uwarta ta yi ta fahimtar da ni." Ta ƙi karɓar kuɗi, ta juya tana gyara wuta.

A Tarauni muka sauka a ƙofar ofishin da Rabi take buga takardu. Baba mai gadi bai miƙa wa Husna hannu ba, ya ɗora tafinsa a jikin get, ita ma ta ɗora nata. Gaisuwarsu ke nan. Sai ta zagayo bayana ta tura ni ciki. Baba ya ce a hankali, "Shiga, 'yata. Sai ta ga an shiga take tafiya."

Na shiga na tsaya bayan get. Ta kafar ƙarfen get ɗin na ga ta hau adaidaita, ta zauna ta dama, cikin natsuwa, ya juya da ita gidan Maman Joy. Nan ne na yi kukan da ban yi ba tun Zariya. Mace ɗaya, ga aiki ga ciki, ta bi mutanen unguwa biyu ɗaya bayan ɗaya ta koya musu 'yarta. Mu danginta muna nesa muna ba ta shawara.

Bayan sadakar uku na dawo Zariya ba tare da Husna ba. Gwaggo ta ce na yi abin kunya. Abin da na gano shi ne, da na ɗauke ta, ba uwa kaɗai za ta rasa ba. Maman Joy ta ce da safe ƙanwar mijin Rabi Husna take rakawa yanzu, amma da yamma tana tsayawa a ƙofa har a kira magariba. Ba mu yanke inda za ta zauna ba, kuma har yau ba wanda ya san yadda zai gaya mata uwarta ba za ta dawo ba.