Inna Ba Ta Taɓa Kiran Sunana Ba

Da azumin bana Inna ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah Ya kai haske kabarinta. Ita ta haife ni, ni ce 'yarta ta fari, kuma tun daga ranar da aka raɗa mini suna a Aujara har ranar da ta cika a hannuna a Dutse, ban taɓa jin sunana ya fito daga bakinta ba. "Ke" nake, ko "waccan", in kuma ranar tana cikin raha, "malamar boko". Ni ma ba za ku ga nata sunan a wannan rubutu ba, don haka kada mai karatu ya wahalar da idonsa.

Na ɗauki biro ne saboda na gaji da jin ana zagin mata irin Inna, wai don ana tausayinmu. A rediyo, a taron horar da malamai, a bakin 'ya'yanmu da suka ga duniya, maganar ɗaya ce: wai iyayen da ba su iya son 'ya'ya ba, wai kunyar ɗan fari zalunci ce aka ɗinka wa riga. Shekara da shekaru ina ji ina haɗiyewa. Bana maganar ta shigo har ɗakina, ta bakin wadda na haifa, kuma ta nemi ta raba ni da jikata. Nan kam haƙurina ya ƙare.

A zuriyarmu abin a jere yake tafiya. Ɗan fari ba na uwa ba ne, na kaka ne. Ana cire ni daga nono aka kai ni wurin kakata a wani ƙauye da ke gefen Aujara, ban dawo gidan ubana ba sai da na isa shiga firamare. Da na dawo, Inna ba ta rungume ni ba. Ta ce wa ƙanwarta a ba waccan abinci, ta ci gaba da tankaɗenta. Na ɗauka ba ta damu da ni ba, kuma na daɗe a kan haka.

Kakata ce ta warware mini, ina budurwa. Ta ce shekarar da ƙyanda ta kwantar da ni, kowa ya fid da rai, Inna ta riƙa takowa da ƙafa daga Aujara cikin caɓin damina, wai ta zo neman irin riɗi. Sai ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin da nake kwance, ta gaida surukarta, ta tambayi lafiyar awaki, ta tambayi yabanya, ta karɓi ɗan ƙullin riɗinta ta juya. Ba ta taɓa cewa ya jikin yarinyar ba. Kakata ta yi dariya ta ce an daɗe da gama shuka a lokacin, riɗin kowa ya kai gwiwa, amma matar nan kullum ba ta da iri. Sai da na tashi na ci tuwo sannan neman irin ya ƙare.

Wannan ita ce matar da ake so in yarda ba ta so ni ba. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Ni ma lokacina ya zo. Na yi aure a unguwar Limawa a Dutse, na haifi tawa ta fari, mace. Ranar yaye Inna ta iso da majanyinta, ta goya yarinyar, ta shiga motar Aujara ko waiwaye babu. Na yi mata rakiya fuskata a sake, na dawo na shiga ɗaki na yi kukan da ban taɓa yi ba. A ranar na san abin da Inna ta sha a kaina. Tun daga nan muke kiran yarinyar 'yar Inna, ita kuma da ta buɗe baki ta ji ƙannena suna ce mini Yaya, sai ta bi sahu. Har yau Yaya take ce mini.

Abin da na gani da na je ganin gida ya ba ni mamaki. Matar da ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba, sai ga ta tana rarrafe a tsakar gida tana kukan akuya don 'yar Inna ta yi dariya. Kishiya take ce mata, suna faɗan wasa a kan kakan yarinyar, wai mijinsu. Da gyaɗa ta koya mata ƙirge, ɗaya a baki ɗaya a faifai. In sun fita yawo sai ta nuna mata kuka da marke da aduwa, ta ce ta gaishe su da sunansu. Kafin yarinyar nan ta riƙe allo a zauren kakanta ta iya gaisuwa, ta iya tatsuniya, ta san wanda ake durƙusa wa. Duk son da Inna ta ƙulle a kaina shekara ashirin, a kan yarinyar nan ta kwance shi, ni kuwa ina gefe ina gani, na san nawa ne ake ba ta. Na ƙulle nawa ni ma, na ce Allah Ya kai mu ranar da zan samu jikar da zan kwance wa.

Inna ba ta ɗauki hanyarmu ita kaɗai ce hanya ba. A Limawa muna da maƙwabciya Bayarbiya mai sayar da kayan koli, kowa Maman Tunde yake ce mata, da sunan ɗanta na fari. Ranar da Inna ta fara ji sai ta riƙe baki, ta ce yau ga matar da ta ɗora ɗan fari a ka tana talla da shi. Ita kuwa Maman Tunde da ta ji an tafi da tawa yarinyar Aujara, har gida ta zo ta tambaye ni ko wani laifi na yi. Daga baya su biyun suka ƙulla ƙawance, duk zuwan Inna sai sun raba goro. Inna ta ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ban taɓa ji ta ce matar nan ba ta da kunya ba, ita ma ba ta taɓa cewa Inna ba ta da zuciya ba.

Yanzu 'yar Inna nas ce a Ingila, ita da mijinta. Bara waccan ta haifi 'yarta ta fari, aka sa mata sunan Inna. Na yi murna kamar in taka rawa. Da yarinyar ta doshi shekara biyu na sayi sabon majanyi, na sa aka gyara ɗakina, sannan na kira uwar a waya na ce yaye ya ƙarato, yaushe za a kawo mini ita.

Ta ce, "Yaya, ba zan yi wa 'yata abin da aka yi mini ba." Ta ce wata abokiyar aikinta Baturiya ta tambaye ta labarin ƙuruciyarta, da ta faɗa mata sai matar ta yi hawaye, ta ce ashe uwarki kyauta ta yi da ke kina shekara biyu. Ta ce tun daga ranar take tunani. Ta ce a can an san uwa ita ke riƙe ɗanta, ta kalle shi, ta kira sunansa, ta faɗa masa tana sonsa. "Ke kuwa ko sau ɗaya ba ki taɓa kiran nawa ba."

Maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na kwana biyu abinci ba ya shiga. Amma ban ba ta haƙuri ba, don in na ba ta haƙuri na yarda kenan Inna ta zalunce ni, ni kuma na zalunce ta, kuma ƙarya ce. Baturiyar nan ban ga laifinta ba, kukan gidansu ta yi. Wadda ta ci gyaɗar ƙirge a cinyar Inna ita ce ya kamata ta ce mata a'a, ba kyauta aka yi da ni ba, uwa biyu aka ba ni.

Nakan tambayi kaina abin da Inna za ta ce da ta ga zamanin nan. Na koyar a ajin nazare a Dutse har na yi ritaya, na ga abin da idona ya gani. Da sassafe ake cusa 'yan shekara biyu a adaidaita sahu, jakarsu ta fi su girma, barci bai sake su ba. A kawo mana su talatin a ɗaki ɗaya, malama ɗaya, a ce mu sa su yi Turanci, alhali ko "ina kwana" ba su iya ba. Ita ma jikar tawa a can gidan reno take wuni, a hannun matan da ba su san kakanta ba, don uwa da uba duk suna wurin aiki. Ban zargi kowa ba, neman abinci ne. Amma na san Inna, da sai ta gyara ɗaurin zaninta ta ce: to, ku da mu wa ya ba da ɗansa? Mu jininmu muka ba, ku kuwa baƙo kuke ba, kuma kullum safiya sai kun sake bayarwa.

Ba ina cewa duk abin da aka yi a da alheri ba ne. Ruwan wankan jego da yake ƙona mata na gani, kunun kanwa da ya kumbura wasu na gani, kuma ni da bakina na hana a yi wa ƙannen 'yar Inna wasu abubuwan. Akwai kuma 'ya'yan fari da aka kai riƙo inda suka sha wuya, ban musa ba. Wanda ya sha wuya ya faɗi tasa. Amma kada a zo a tsara mini labarin uwata, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Muka yi wata guda ni da 'yar Inna, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ran nan ta kira ni ta bidiyo don in ga yarinyar. Muna cikin magana 'yar ta kama hawa kujera, uwar ta juya da sauri ta ce, "Ummi, sauko." Sai wani abu ya faɗo mini. Tun da aka haifi yarinyar nan Ummi nake ji a bakinta, ko Hajiya ƙarama. Na ce mata a gidan renon da wane suna suke kiranta? Ta ce da sunanta na yanka, gatsau, kuma duk ranar da ta je ɗauko ta ta ji sun faɗa sai gabanta ya faɗi.

Na ce, "To, ke faɗa mana in ji. Ai kin ce a can ana kiran sunan ɗa."

Ta buɗe baki. Ina kallonta a gilashin waya, ta yi kamar za ta faɗa, ta rufe. Ta ce, "Yaya, sunan Inna ne fa. Bakina ba zai iya ba."

Na ce, "Ashe ba kya son yarinyar."

Ta ɗauki 'yarta ta sa fuskarta a wuyanta, ta daɗe a haka. Labarin zuciya a tambayi fuska. Da ta ɗago idonta ja, ta ce za su zo da babbar salla, a ɗakina za a yaye Ummi, amma hutu na ƙarewa da 'yarta za ta koma. Na ce na ji. Ba abin da na so ba kenan, na so in riƙe ta har ta shiga makaranta, amma idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Sannan ta ce tana da sharaɗi, in kira sunanta ko sau ɗaya. Na ce ranar da ta kira na 'yarta zan kira nata. Ta yi dariya cikin hawaye, ta ce ni da Inna dai sai Allah.

Inna ba ta bar gona ba, ba ta bar gwal ba. Awakinta an raba, ɗakinta damina ta ci. Abin da ya rage nata shi ne wannan nauyin bakin, wanda ya tsallaka teku ya sauka a kan jikarta ba tare da ta sani ba, a ƙasar da ba wanda zai tilasta mata shi. Masu cewa zalunci ne su je su tambaye ta me ya riƙe mata harshe.

Na san 'yar Inna tana karanta jaridar nan a wayarta, don haka bari in yi abin da Inna ba ta samu ta yi ba, tunda ita ba ta iya biro ba. Ke na fara so a duniya. Ranar da motar Aujara ta tashi da ke, rabin raina ta ɗauka, kuma har yau bai gama dawowa ba. Ga shi na rubuta, duk Jigawa ta karanta. Sunan ne dai ba za ki ji ba.